Ƙiba a Jikin Zomon Gida: Dalilanta da Hanyar Rage Ta

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka, zomo yana cikin dabbobin da ake ajiyewa a gida don sha'awa, kamar yadda ake ajiye kyanwa ko kare. Ba don yanka ko sayarwa ake kiwonsa ba. Akan raɗa masa suna, a kai shi asibitin dabbobi idan ba shi da lafiya, kuma yakan yi shekara 8 zuwa 12 tare da iyalin gidan idan ya sami kulawa. Ɗaya daga cikin matsalolin da likitocin dabbobi na waɗannan ƙasashe suke yawan cin karo da su a jikin irin wannan zomo ita ce ƙiba.

Ga wanda ya tashi a inda ake turke rago a yi ta ba shi dusa da harawa don ya yi kitse, zai yi mamakin a ce ƙibar dabba ta zama abin damuwa. Bambancin yana wajen manufar kiwon. Dabbar da aka turke watanni kaɗan za ta yi kafin a yanka ta, saboda haka kitsenta riba ne. Amma wadda ake so ta yi shekara goma a raye, kitsen nan shi ne zai gajarta mata kwana.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda cikin zomo yake aiki, da abin da ke jawo masa ƙiba, da yadda ake gane ta, da illolinta, sannan da hanyar rage ta. Babban abin da take son nunawa shi ne, ba a rage wa zomo ƙiba da yunwa. Irin abincin ake sauyawa, bakinsa kuwa ba ya daina tauna.

2.0 Wane Zomo Ake Nufi?

Kalmar zomo a Hausa ta haɗa dabbobi biyu masu kama da juna. Na farko shi ne zomon daji da aka sani a ƙasar Hausa, mai dogayen kunnuwa da dogayen ƙafafu, wanda ba ya haƙa rami, sai dai ya laɓe a gindin ciyawa. 'Ya'yansa da gashi ake haifarsu, idanunsu a buɗe. Shi ne ake nufi idan an ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Na biyu shi ne zomon gida, wanda asalinsa daga Sifen da Fotugal da kudancin Faransa ne. Kakanninsa na daji suna haƙa ramuka su zauna ƙungiya-ƙungiya, kuma suna haihuwar 'ya'ya ba gashi, idanu a rufe. Daga wannan jinsi ɗaya aka fitar da duk ire-iren zomayen gida, tun daga ɗan ƙaramin nan na ƙasar Holan da ke kai kilo 1 da ƙyar, har zuwa ƙaton nan na yankin Filandas a Beljiyam da ke wuce kilo 6. A kan wannan zomo na biyu ne takardar take magana.

Zama a gida bai canza halittarsa ba. A daji yakan fito da almuru da kuma asuba, ya shafe sa'o'i yana kiwo a kan ciyawa marar maiƙo, yana ci yana tsalle yana lura da maƙiya. Ƙasusuwansa ba su da nauyi: kashi 7 zuwa 8 cikin 100 ne kawai na nauyin jikinsa, alhali na kyanwa sun kai kashi 12 zuwa 13. Jiki ne da aka gina don gudu, ba don ɗaukar kitse ba.

3.0 Yadda Cikin Zomo Yake Aiki

Abu na farko shi ne haƙora. Babban zomo yana da haƙori 28, kuma dukkansu ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba suna ƙaruwa da kimanin milimita 2 zuwa 3 a kowane mako. Abin da ke rage musu tsawo shi ne gogayyar da suke yi wajen niƙa ciyawa. Idan zomo ya koma cin abinci mai laushi, turamensa sukan yi tsini su riƙa yankar masa harshe da kumatu.

Abu na biyu shi ne hanji. Abincin zomo na asali cike yake da harza, wato zare-zaren nan na ciyawa da ganye waɗanda ba sa narkewa da sauƙi. Idan abinci ya isa babban hanji, sai hanjin ya raba shi gida biyu. Harza mai kauri takan wuce kai tsaye ta fita a matsayin busasshen kashin nan mai kama da ƙwayar wake, wanda lafiyayyen zomo kan yi 200 zuwa 300 a yini. Wannan harza ba ta ba shi ƙarfi, amma ita ce take sa hanjin ya ci gaba da motsi. Ɓangaren da ya fi laushi kuwa, sai a mayar da shi cikin wata babbar jaka da ke mahaɗar ƙaramin hanji da babba. A cikin wannan jakar hanji akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke ruɓar da shi su fitar da abin gina jiki.

Daga nan sai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba ya biyo baya. Abin da aka ruɓar a jakar hanji yakan fito a matsayin wani kashi na daban, mai laushi da sheƙi, a cure kamar 'ya'yan inabi. Zomo yakan sunkuya ya karɓe shi da baki tun daga dubura ya haɗiye, galibi da dare ko da sassafe. Ta haka yake samun furotin da bitamin B da K. Abin da saniya take yi ta hanyar tuƙa, shi ne zomo yake yi ta wannan hanya: abinci ya bi ciki sau biyu. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin zomon da ƙiba ta hana shi sunkuyawa ya rasa rabin aikin cikinsa.

Abu na uku, zomo ba ya amai, kuma hanjinsa ba ya jure zama ba komai. Idan ya daina ci, hanjin yakan tsaya, iska ta taru, ciwo ya ƙara hana shi ci. Likitocin dabbobi suna ɗaukar zomon da ya yi sa'a 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba a matsayin wanda yake bukatar taimakon gaggawa.

4.0 Abin da ke Kawo Ƙiba

Dalili mafi girma shi ne abincin kanti. Kamfanoni suna niƙa ciyawa da hatsi su cura su ƙanana-ƙanana, a zuba a buhu a sayar. Wannan curarren abinci tun asali an yi shi ne don gonakin kiwon zomayen nama, inda ake so ɗan zomo ya kai kilo 2 ko fiye cikin mako 10 zuwa 12. Idan aka cika wa zomon gida kwano da shi safe da yamma, cikin mintuna kaɗan zai sami ƙarfin da a daji sai ya yi sa'o'i yana kiwo kafin ya samu. Ya ƙoshi, ya kwanta, ya bar ciyawa.

Akwai kuma wani nau'i da ya fi wannan illa, wato gaurayen da Turawa ke kira musli. Ana haɗa masara da wake da alkama da busassun 'ya'yan itace masu launi iri-iri, abin gwanin sha'awa ga mai saye. Zomo kuwa sai ya tsince masu zaƙi da sitaci ya bar masu harza. A shekarar 2013 aka bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a makarantar koyon likitan dabbobi ta Jami'ar Edinbara a Sikotilan. An raba zomaye 32 kashi huɗu: masu cin ingirici zalla, masu cin ingirici da curarren abinci, masu cin ingirici da gauraye, da masu cin gauraye zalla. Bayan wata 9, waɗanda aka ba gauraye zalla sun yi ƙiba fiye da kima. An kuma lura suna barin kashinsu mai laushi ba su ci ba, haƙoransu sun fara nuna alamun lalacewa. Bayan fitar wannan sakamako, wasu manyan kantunan Birtaniya sun daina sayar da gaurayen.

Dalili na gaba shi ne kayan marmari. Tun daga 1940 da aka fara nuna Bugs Bunny a majigin yara na Amurka yana gaigayar karas, mutane suka ɗauka karas shi ne abincin zomo. Alhali zomon daji ba ya tono saiwa ya ci, kuma karas yana da sukari da yawa. Haka ma tuffa da ayaba, balle burodi da biskit da wasu ke miƙa masa don ya zo ya tsaya da ƙafa biyu yana roƙo.

Irin ciyawar ma tana da tasiri. Alfalfa ɗan'uwan wake da gyaɗa ne, saboda haka busasshensa ya fi kama da harawa, yana da furotin da kalsiyam da yawa. Ya dace da 'yan zomaye masu tasowa da zomanya mai shayarwa, amma yana sa babban zomo ƙiba.

Sai kuma rashin motsi. Zomon da ke yini a ɗan keji bai da inda zai ƙona abin da ya ci. Zomayen gida da yawa a Turai ana yi musu fiɗiya ko a cire wa mata mahaifa, don hana haihuwa da faɗa da kuma sankarar mahaifa. Wannan aiki yana da amfani, amma yana rage yawan abincin da jiki ke bukata, ga shi kuwa mai zomo ba ya rage abin da yake zubawa a kwano.

5.0 Yadda Ake Gane Ƙiba

Ido kaɗai ba ya wadatarwa, domin gashi yana ɓoye jiki. Sikeli kaɗai ma ba ya wadatarwa, domin kilo 3 ƙiba ce ga ƙaramin iri, rama ce ga babban iri. Da hannu ake ganewa. A Birtaniya ana amfani da ma'auni mai mataki 5. Mataki na 1 ramamme ne ƙwarai, na 3 shi ne daidai, na 4 shi ne wanda ya zarce nauyin da ya dace da shi da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, na 5 kuwa wanda ya zarce da fiye da kashi 15.

Wurare uku ake shafawa: haƙarƙari, da ƙashin baya, da ƙasusuwan ƙugu. A jikin zomon da yake daidai, ana jin su ba tare da dannawa ba, amma ba su da kaifi. Idan sai an danna sosai kafin a ji haƙarƙari, to kitse ya fara yawa. Idan ba a jin su ko kaɗan, gindin ya kumburo ya yi tulu, ciki yana jan ƙasa, to abin ya kai mataki na 5. Zomanya takan sami tattarar fata a ƙarƙashin haɓa, wanda halittarta ce, amma idan fatar ta yi kauri har tana taɓa ƙafafun gaba, ko aka ga irinta a jikin namiji, alama ce ta ƙiba. Wata alama kuma ita ce a riƙa tarar da kashi mai laushi a watse a keji ko a manne a gindinsa.

6.0 Illolin Ƙiba

Illar da ta fi saurin kisa tana farawa ne daga wannan kashi mai laushi. Zomon da ba ya iya kai baki gindinsa ba ya iya cin kashin, ba ya kuma iya lashe jikinsa. Kashin yakan manne da gashi, fitsari ya jiƙa shi, fata ta ɗaye. Da zafi ya shigo sai ƙudaje su saka ƙwai a wurin. Ƙwan yana iya ƙyanƙyashewa cikin ƙasa da yini ɗaya, tsutsotsi su shiga cin nama, kuma zomo yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu idan ba a farga ba.

Illa ta biyu tana ƙafa. Tafin ƙafar zomo ba shi da tsokar nan mai taushi irin ta kare da kyanwa, gashi ne kawai ya rufe fata. Idan nauyi ya yi yawa, gashin yakan zube, dunduniya ta yi gyambo, wani lokaci ƙwayoyin cuta su kai har ƙashi. Ga kuma amosanin gaɓɓai da ciwon baya, waɗanda ke ƙara hana shi motsi, rashin motsin kuma ya ƙara masa ƙiba.

Akwai illolin da ba a gani da ido. Zomo yana fitar da ragowar kalsiyam ta fitsari, saboda haka idan ba ya motsi sai ya kwanta a mafitsara kamar laka. Zomo ba ya gumi, ta kunnuwa yake rage zafin jiki, don haka mai ƙiba ya fi saurin galabaita lokacin zafi. Idan kuma aka bukaci yi masa tiyata, maganin sa barci ya fi haɗari a gare shi. A Ingila da Wales, dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin ba ta abincin da ya dace da ita, saboda haka lamarin ya wuce son rai.

7.0 Hanyar Rage Ƙiba

7.1 Haɗarin Yunwa

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne a ɗauke wa zomo abinci don ya rame. Idan zomo mai ƙiba ya daina ci, jikinsa yakan kwaso kitsen da ya tara ya tura wa hanta fiye da yadda za ta iya sarrafawa. Hantar ta cika da kitse ta kasa aiki, kuma hakan na iya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Wato zomon da ya fi kitse shi ne ya fi kasa jure yunwa. Don haka matakin farko shi ne a kai shi wurin likitan dabbobi, ya duba haƙora da gaɓɓai, ya tabbatar kumburin ba ciki ba ne ko wata cuta, sannan ya faɗi nauyin da ya kamata a nufa.

7.2 Ingirici

Ƙungiyoyin kula da dabbobi na Birtaniya suna ba da shawarar abincin babban zomo ya kasance kimanin kashi 85 cikin 100 ingirici ne ko ɗanyar ciyawa, kashi 10 ganye, kashi 5 curarren abinci. Ingirici ba a auna shi. Ana ajiye masa dami aƙalla mai girman jikinsa kullum, a ƙara idan ya ƙare, dare da rana. Ana zaɓar na ciyawa zalla, irin su timoti, mai ƙamshi wanda bai yi fumfuna ba. Ciyawar da injin aski ya yanke ba a ba shi, domin tana saurin ruɓewa ta kumbura masa ciki. Ruwa mai tsabta kuma ba ya yankewa.

7.3 Ganye da Curarren Abinci

Ganye ana ba shi kimanin cikin hannun babban mutum a yini, a wanke, a haɗa iri-iri, kamar ganyen karas da kabeji da seleri da na'ana'a da ɗoɗɗoya. Sabon ganye ana shigo da shi ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, ana lura da kashi. Albasa da fiya da cakulan guba ne a gare shi.

Curarren abinci kuwa, ƙungiyar RSPCA ta ba da ma'aunin giram 25 ga kowane kilo 1 na nauyin zomo a yini. Ana yin lissafin da nauyin da ake so ya koma, ba wanda yake da shi yanzu ba, kuma ga mai ƙiba likita yakan rage ƙasa da haka. A auna da sikeli, kada a kintata da ido. Karas da 'ya'yan itace da burodi a dakatar da su gaba ɗaya. Idan gauraye yake ci, a mayar da shi kan curarren abinci mai yawan harza a hankali cikin mako 2 zuwa 4, domin bakteriyar cikinsa ba ta son canjin farat ɗaya. Zomon da ya saba da zaƙi yakan yi wa ingirici yanga da farko. Sai a yi haƙuri, a gwada wani irin, a barbaɗa masa ɗan ganye mai ƙamshi a ciki, amma a tabbata yana ci kuma yana kashi kowace rana.

7.4 Motsa Jiki

Ƙungiyar RWAF, mai kula da jin daɗin zomaye a Birtaniya, ta ce zomaye biyu suna bukatar wuri aƙalla mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, da tsayin mita 1, wanda za su iya shiga ko'ina cikinsa a kowane lokaci. Maimakon a zuba curarren abinci a kwano, sai a watsa shi cikin ingirici ko a ɓoye a kwali, don zomo ya nema kamar yadda zai yi a daji. Zomo dabba ce mai son 'yan'uwa, kuma wanda yake da abokin zama ya fi motsi. Idan ɗaya ne mai ƙiba, lokacin cin curarren abinci kaɗai ake raba su, don kada ya cinye rabon ɗan'uwansa.

7.5 Awo da Haƙuri

Ana auna zomo sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, a rubuta. Raguwar kada ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako. Alal misali, zomon da ya kamata ya zama kilo 2 amma ya kai kilo 2.5 ya zarce da kashi 25, wato yana mataki na 5. Kashi 1 na nauyinsa giram 25 ne. A wannan tafiya, zubar da giram 500 zai ɗauki kimanin mako 22, wato wata 5. Curarren abincinsa ba zai wuce giram 50 a yini ba. Idan nauyi ya faɗi da sauri, ko kashi ya ƙanƙance, ko zomo ya takure a lungu yana cizon haƙora, sai a koma wurin likita nan take. Kafin ya rame kuma, a riƙa duba gindinsa sau biyu a yini lokacin zafi, a wanke a busar idan ya ɓaci.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa haƙoran zomo da hanjinsa an yi su ne don abinci mai yawa marar maiƙo, wanda ake ci a hankali tsawon yini. Ƙiba tana zuwa ne idan aka juya wannan tsari, aka ba shi kaɗan mai maiƙo kuma aka hana shi wurin gudu. Maganinta shi ne a yalwata ingirici, a auna curarren abinci, a janye kayan zaƙi, a buɗe masa fili, a kuma ba lamarin watanni. Alamar an yi nasara ita ce ranar da aka shafa aka ji haƙarƙari, aka duba keji ba a tarar da kashi mai laushi a ƙasa ba.

Tambayoyi

1. Kawo bambanci uku tsakanin zomon dajin ƙasar Hausa da zomon gida.
2. Ta wace fuska cin kashi mai laushi ya yi kama da tuƙa?
3. Me ya sa yunwa ta fi haɗari ga zomo mai ƙiba?
4. Zomon da ya kamata ya zama kilo 3 ya kai kilo 3.6. A wane mataki yake, kuma giram nawa na curarren abinci ne iyakarsa a yini?
5. Yi amfani da waɗannan kalmomi a cikin jimlolinka: harza, ingirici, turame, fiɗiya, galabaita.